Zanen Kaka Azara a Akwatin Madubi

Tun da na dawo daga Yamai ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo rumfata, kafin ya gama gaisuwa sai ya ce, "Husseini, da gaske ne an sa tufafin mutane cikin akwatin madubi ana kallo?" Na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa maƙwabta, har labarin ya fara dawo mini da gishirin da ba ni na zuba ba. Jiya wani ya rantse wai na gaisa da babban soja hannu da hannu. Shi ya sa na sayi kaye, wato littafin rubutu, na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Abin da ya shafi masu kaki zan taƙaita, kun san zamanin da muke ciki.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni maɗinki ne a nan tsohon garin Agadas. Kaka Azara ita ta haifi babana, ita kaɗai ta rage mana cikin manya, kuma shekara shida ke nan da idonta ya tafi. Tana da zane ɗaya na turkuɗi, wanda mu nan muke ce wa alasho, baƙi wuluk mai sheƙi, ubanta ya sayo mata shi da ayari lokacin aurenta. Ruwa bai taɓa taɓa shi ba, don wanki kashe turkuɗi yake yi. Abin da ya sani shi ne turaren wuta, kowace Juma'a, tun ba a haifi babana ba. Duk amaryar da ta fita daga gidanmu da shi ake lulluɓe ta. Duk macen da ta rasu a gidan kuma shi ake shimfiɗawa a kan makararta har kushewa, a dawo da shi a ninke. Ya raka mahaifiyar Kaka, ya raka ƙannenta biyu, ya raka innata. Kaka ba ta ɓoye wa kowa cewa ita ce ta gaba.

Aibinsa ɗaya a idona. Kusa da gefe akwai wani tabon ɗinki kamar girman dabino, inda aka toshe ƙuna da zare mai kauri, duk ya dunƙule kamar gudajin fura. Tun ina koyon sana'a yake tsone mini ido. Sau nawa na ce, "Kaka, ba ni in gyara miki," sai ta buge mini hannu ta ce, "Mijina, bar shi yadda ka gan shi." Haka take kirana, wasan kaka da jika. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka rigimar tsufa ce.

Da bazarar nan, fari ya riga ya gama da dabbobin mutane, sai ga wata mata daga gidan tarihi na Yamai, ana ce mata Madam Bibata, da jandarma ɗaya yana biye da ita. Gida-gida take bi tana duba tsofaffin tufafi. Ta ce za a yi nunin suturar ƙasa tun ta kakanni, don ta ga yunwa ta sa mutane suna rabuwa da kayan gado saboda tiyar hatsi, in ba a nuna yanzu ba nan gaba babu abin nunawa. Ta shiga ɗakin Kaka, suka daɗe su biyu, ni ina zaure ina ba jandarma shayi. Bayan sati biyu takarda ta zo daga biro, wato ofishin hukuma, da hatimi: a ba da aron zanen na kwana goma, kuma wani daga gidan ya raka shi.

Kaka ta ce ba inda za shi. Jikinta ba daɗi tun watan da ya wuce, ta san abin da take ji. Ni kuwa tsoro ya kama ni. Ba wanda ya ce mini komai, amma na riƙa tunanin sunan gidanmu a takardar rabon jar dawa, da yadda biro ke iya manta sunan mutum. Na durƙusa gabanta na ce, "Kaka, takardar soja ce."

Sannan ta ce, "To. Kai za ka kai shi, kai za ka maido shi. In ka bari anka ɗauke ni makara tsirara, ban yahe maka ba, mijina."

Da wannan maganar a kunnena na hau kamiyo, babbar motar kaya, da safe.

A tasha na haɗu da abokin tafiyata, Agali, Buzu daga wajen Timia, dattijo dogo wanda raƙumansa suka mutu saura ɗaya, ɗayan ma ya bar wa ɗan'uwansa. Shi rigar ubansa da rawani aka nema. Nasa kayan suna cikin jakar fata. Ni kuwa, da wayona na ɗan birni, na ga kamiyon cike da galan na gazuwal, wato man dizal, da awaki, sai na naɗe zanen na ɗaura a cikina ƙarƙashin riga, na ce nan ba abin da zai same shi. Muka yi tafiyar rabin yini cikin rana, ina zaune kan buhu kamar mai ciki wata tara. Da muka tsaya sallar azahar Agali ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce, "Mi ka ɓoye nan?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗan birni, zufa ma ruwa ce."

Na zaga bayan mota na kwance zanen. Allah ya taimake ni farin ƙyallen da matata ta naɗe shi ciki ya sha yawancin zufar, ninki ɗaya kawai ya ɗan yi sanyi. Amma cikina daga ƙirji har cibiya ya yi shuɗi kamar na faɗa karofi. Shofer, wato direban, ya gani, ya kira 'yan mota suka zo kallo. Agali bai yi dariya ba, ko kuwa ya yi cikin rawani, ban sani ba. Ya buɗe jakarsa ya sa zanen kusa da rigar ubansa, daga nan har Yamai jakar tana kan cinyarmu muna karɓa-karɓa.

Ba zan cika ku da labarin hanya ba, duk wanda ya fita bana ya gani. A Abalak mutane ne zube a bakin kwalta da ragowar tantinsu. Wata mata ta zo gefen mota ta kwance alashon kanta ta miƙo, tana cewa a ba ta gero ko tiya ɗaya. Ba ta roƙi sadaka ba, musaya take so. Agali ya ba ta dabinon guzurinsa ya ce ta mayar da ƙyallenta. Ni na ƙara rungume jakar, na ji kunyar kaina, ga shi zan kai irinsa birni don a kalla.

Kowane gari akwai bariyar, wato shingen bincike, a shiga, akwai a fita. A sauko, a jeru, a nuna kartidante, katin shaidar ɗan ƙasa, a koma. Na ƙirga har na gaji. Muka kwana Tawa a tasha, muka karya da fura wadda ruwanta ya fi gari yawa, muka kama hanyar Ƙonni.

A Ƙonni ne aka kusa raba ni da shi. Garin a bakin iyaka yake, iyakar kuma a rufe, don haka 'yan duwan, wato 'yan kwastan, sun sa ido kan duk wani yadi. Ɗaya daga cikinsu ya zazzage jakar Agali, ya ga turkuɗi, ya ce, "Wanga daga ƙasar Kano ake rino shi. Fasa-ƙwauri ne." Na miƙa takardar biro. Ya juya ta sama da ƙasa ya ce takarda ba ta ce wane zane ba. Ya ɗauka ya shiga rumfarsu, na bi shi ina salati. Ya warware shi a kan tebur, ga kofin ruwa nan a gefe ko kamu ɗaya babu tsakaninsu. Ban san lokacin da na ɗauke kofin na shanye ruwan mutumin ba. Ya dube ni, na dube shi.

Sai hannunsa ya faɗa kan tabon. Ya ɗaga zanen ya kira abokinsa, suka yi ta dariya. Ya ce, "Ɗan fasa-ƙwauri ba ya wahala da tsumma. Wanga za a kai ma manya su gani? Kai ba maɗinki anka rubuta ga kartinka ba? Tahi, ɗinkin ya cece ka."

Na fito da zane a hannu, amma maganar ta zauna mini a rai. Daga Ƙonni har Dogon Dutsi, har Doso, ba abin da nake ji sai dariyar nan. Za a rubuta sunan Agadas a jikinsa, a ce daga gidan maɗinki ya fito.

A Yamai muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da takalma, ya ba mu zaurensa da tabarma biyu. Garin ya ba ni mamaki. Zafinsu jiƙaƙƙe ne, ba irin namu da ke busar da mutum ba. Mata suna tuƙa mobilet, ɗan ƙaramin babur, maza manya da gemu suna yawo kai ba hula. Kowa "fofo" yake ce maka, gaisuwar Zabarmawa, ka amsa da wadda ka iya. Sauro kuwa kamar an aiko shi musamman domin baƙi. Matar mai masaukinmu ta kawo mana shinkafa da kifin kogi, Agali ya leƙa kwanon ya ga ido yana kallonsa, ya ce shi yau azumin nafila yake, alhali na gan shi yana shan shayi da hantsi. Daga ranar sai ta riƙa yi masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli.

Washegari muka kai kayan. Madam Bibata ta tarbe mu da murna, ta sa mu a wani ɗaki mai dogon tebur inda ake tara abin da ya iso. A nan na ga abin da ya ƙara karya mini gwiwa: riguna 'yan Damagaram masu aska takwas, zannuwan Zabarmawa saƙar hannu, kayan Fulani da wuri da madubai, kowanne kamar jiya aka gama shi. Ma'aikatan ba sa taɓa komai sai da farar safar hannu. Kowane tufa a ɗaura masa lamba kamar ɗan kaso. Kafin a zo kanmu sha biyu da rabi ta yi, kuma ku sani a Yamai in wannan lokacin ya yi ko gobara ake sai a tafi cin abinci. Madam ta ce mu jira, za ta dawo uku da rabi ta rubuta namu. Agali ya fita neman inuwa. Aka bar ni ni kaɗai da zanen.

Allura da zare ba sa barin aljihuna. Na ce wa kaina taimako zan yi. Ban yanke tsohon zaren ba, na bi shi da bakin allura a hankali har ya fito sili uku, na yar a ƙasa. Na zaro zare daga cikin kalmasar zanen kansa, na saƙa ramin sili bisa sili. Wallahi ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Da na gama sai da na nemi wurin da ido na rasa. Na zauna ina jiran yabo.

Madam ta dawo, ta sa safarta, ta warware zanen. Ta bi gefen da ido, ta juya shi, ta sake bi. Ta kira ni da ladabin Faransanci ta ce, "Mushe Husseini, ina ɗinkin?"

Na ce, "Na gyara, Madam. Kyauta."

Ta dafa tebur da hannu biyu. Ta ce, "C'est pas possible," wato ba zai yiwu ba. Sannan ta buɗe kayenta ta zaro wani ɗan kati da ta riga ta buga da mashin, wanda za a ajiye gaban zanen, ta fassara mini. Ashe ranar auren Kaka, ana turara zanen, mata suna jira a ƙofa, garwashi ya yi tsalle ya ƙona shi. Mahaifiyarta tana fama da ciwo, hannunta yana rawa, ta ce ba wanda zai taɓa sai ita. Ta ciro zare daga mazarinta, kaɗin hannunta, ta toshe ramin yadda ta iya. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu, kuma makararta ce ta farko da zanen ya rufe.

Madam ta ce, "Turkuɗi muna da guda bakwai da sunka fi wannan kyau. Saboda ɗinkin na zaɓe shi. Kakarka ba ta taɓa faɗa maka ba?"

Na ce ban taɓa tambaya ba. Shekara talatin da huɗu ina gida ɗaya da matar, baƙuwa ta zo ta ji a yini ɗaya.

Ta yaga katin. Sai na ga mace mai digiri ta durƙusa a ƙasa da hantsaki tana tsintar zaren da na yar, sili uku, ta sa a ambulof, wato ambulan, ta rubuta lamba a bayansa. Duk da kunyar da nake ciki sai da na ce a raina mutanen nan ba su da aikin yi, har shara suke yi wa lamba.

Daga nan sai jira. Aka kwashe tufafin duka aka rufe a manyan akwatuna, wai maganin asu. Aka ce za a buɗe nunin ran Asabar. Asabar ta zo aka ce babban da zai buɗe ya tafi rangadin yankunan fari. Aka ce Laraba. Laraba ta zo aka ce sai an ji daga sama. Ba wanda ke tambayar sama yaushe. Kwana goman takarda suka cika ba a ko buɗe ƙofa ba. Kullum da safe sai in tafi tashar motocin arewa in tsaya ina duba fuskokin masu saukowa, ina tsoron in ga wanda na sani, ina kuma tsoron in rasa.

Abin da ya ɗan ɗebe mini kewa shi ne rigimar Agali. An sa wa wani mutum-mutumin katako rigar ubansa, wani ma'aikaci ya naɗa masa rawanin irin naɗin liman, fuska a buɗe. Agali ya gani ya tsaya cik. Ya ce a sauke. Ma'aikacin ya ce, "Baba, katako ne, ko baki ba shi da shi." Agali ya ce, "Rigar ubana ce ga jikinshi. Ubana bai taɓa buɗe baki gaban mutane ba, ba zai fara a Yamai ba." Madam ta ce ya naɗa da kansa, amma da safar hannu. Ya gwada, yatsunsa suka ƙi. Ya cire safar ya ajiye, ita kuma ta juya tana duba wani abu a bango har ya gama. Da ya ja amawalin ya rufe inda baki ya kamata ya kasance, sai katakon ya zama mutum. Agali ya ja da baya, ya gyara nasa rawanin kamar yadda ake yi gaban babba.

A kwana na goma sha shida wani shofer ɗan unguwarmu ya sauko daga mota, ya gan ni, ya ce, "Kai nake nema." Na ce, "Kaka?" Ya ce, "Da ranta. Amma matarka ta ce in gaya maka ta bar cin tuwo, sai ruwan fura. Ko an taɓa ƙyaure sai ta ce kai ne?"

Na tafi wurin Madam a guje na ce a ba ni zanena. Ta ce, "Ba ni da iko. An riga an kai lissafin kayan sama, in babban ya zo ya tarar akwati ɗaya ba komai, ni da kai duka za mu yi bayani." Na ce to in sace? Ta dube ni ta ce kada ta sake jin wannan kalmar a bakina, bango ma yana da dangi a cikin soja. Kwana ukun da suka biyo baya ban san abin da na ci ba.

Ranar da aka buɗe, aka jera mu masu kayan bayan igiya. Zanen Kaka yana cikin akwatin madubi, an baza shi a kan wani allo, fitila tana haska shi. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Katin gabansa kuwa layi ɗaya ne: zanen mata, Agadas. Babban ya shigo da mutanensa, takalma suna ƙara. Ya tsaya gaban mutum-mutumin Agali ya gyaɗa kai, ya wuce ta gaban namu yana duba agogo. Ban gama jan tasbaha zagaye ɗaya ba sun fita. Wannan shi ne gaisawar da aka ce mun yi hannu da hannu. Da la'asar sanarwa ta zo cewa nunin ya ƙayatar, an ƙara masa wata guda.

Na zauna a kan matakala na haɗa kai da gwiwa. Ban ji zuwan Madam ba sai da ta ce in biyo ta. Ta sa takarda a mashin ta buga, ta karanta mini: kaya lamba kaza ya samu lalacewa, a mayar wa masu shi domin gyara. Ta ce, "Ban yi ƙarya ba, ko?" Na ce ba ta yi ba. Da safe mai sa hannu ya sa hannu. Ta buɗe akwatin da kanta, sai wani wari ya bugi hancina. Kafur ne, maganin asun da suka rufe kayan da shi. Ƙamshin turaren shekara sittin babu ko alama. Ta ninke zanen ta ba ni, ta ɗora ambulof ɗin nan a kai ta ce, "Wannan ma na kakarka ne." Na cusa a aljihu don kada in ɓata mata rai.

Agali ya raka ni tasha. Ya ba ni jakar fatar ya ce in riƙe. Shi ya samu aikin gadi a wani gida, rigar ubansa kuma ya ce su ajiye, don tantin da zai mayar da ita ciki babu shi. Muka yi sallama, bai ce in gaida kowa ba.

Dawowar ba na tuna komai nata sai bariyar. Kowace tsayawa ji nake kamar ana zare mini jijiya. A Ƙonni ban ga ɗan duwan nan ba, na gode Allah, don ban san abin da zai cece ni ba wannan karon. Mun shigo Agadas da hantsi a rana ta uku. Daga tasha na taho da ƙafa, da na karyo kwanar lungunmu na rufe ido, don na san abin da nake tsoro: tabarmi a ƙofar gida da maza zaune. Na buɗe. Akuyar maƙwabta ce kawai tana cin kwali.

Kaka tana kwance, ta zama kamar tsinke. Na durƙusa na ce, "Kaka, na dawo. Ga shi." Matata ta tallafo ta zaune. Na ɗora mata zanen a cinya. Ta kai shi hanci, ta yi saurin janyewa.

Ta ce, "Kafur? Tun ban mutu ba ka kawo mini ƙamshin wankan gawa?"

Na fara bayanin asu, ba ta saurare ni ba. Yatsunta sun kama gefen zanen suna bi. Ta kai ƙarshe, ta juya, ta bi ɗayan. Ta sake daga farko. Ina kallon yatsun nan suna wucewa ta kan aikina ba su ko tsaya ba.

Ta ture shi a hankali. Ta ce, "Wanga ba nawa ba ne. Sun riƙe nawa, ka ji tsoro ka sayo wani. Ka yi ƙoƙari, Husseini. Mayar musu da abinsu." Ta juya fuska bango.

Tun da nake ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na yi kuka kamar yaro, na faɗa mata komai, dariyar ɗan duwan, da rigunan Damagaram, da allurata. Na ce soja ba su taɓa mata komai ba, ni ne. Ba ta juyo ba. Ta ce maɗinki ya iya ɗinka magana ma.

Sai na tuna da aljihuna. Na yaga ambulof ɗin, na kamo hannunta na zuba mata sili ukun a tafi. Ta murza ɗaya tsakanin yatsa biyu, daga wannan bakin zuwa wancan, inda ya yi kauri da inda ya sirance. Ta kai shi leɓe.

Ta ce, "Kaɗin Inna ne. Ba ta taɓa iya daidaita shi ba." Can ta ce, "Nuna mini wurin."

Na ɗora yatsanta a kan saƙata. Ta ce, "Warware."

Na warware aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata, ramin ya dawo. Na zura tsohon zaren, yana neman tsinkewa, na fara. Yatsanta yana kan nawa. "Ka cika daidaitawa. Inna hannunta rawa yake. Tsallake nan. Koma baya. Ƙulla, ƙulla babba." Nawa hannun ma rawar yake, don haka bai yi mini wuya ba. Da muka gama ya fito dunƙule, ya ma fi na da muni. Ta shafa shi sau uku ta ce, "To, mijina. Kawo mini fura."

Tana nan da ranta yau da nake rubutun nan, sati biyar ke nan, har ta koma taɓa tuwo. Warin kafur ne ya ƙi fita. Ta ce ta roƙi Allah kada ya ɗauke ta sai zanen ya dawo da ƙamshinsa, don ba za ta je wurin Inna da warin Yamai ba. Kowace Juma'a matata tana hura kasko, a baza zanen a kan kwando, hayaƙi ya shiga. In an gama sai a kai mata ta shinshina, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa ina jiran abin da za ta ce. Ni da na yi kwana uku a mota ina roƙon Allah ya kawo ni da shi da wuri, yanzu ba abin da ke tayar mini da hankali irin ƙamshin turaren nan.

Juma'ar da ta wuce ta daɗe da shi a hanci. Sannan ta ninke da kanta, ta miƙo mini, ta ce, "Saura kaɗan."